Shaihun Malami Gower da Rigar Aro: Wa Ake Rubuta wa Dokar Kamfani?

Cikin dukan darussan da ake koyarwa a tsangayar shari'a, babu wanda ake yi wa mummunar fahimta kamar dokar kamfanoni. Masu zafin kai a cikinmu suna cewa doka ce ta attajirai, an rubuta ta ne domin mai kuɗi ya ƙara kuɗi. Masu son abin duniya kuwa suna rububinta saboda wannan dalilin dai, watau sun ji an ce a nan maiƙo yake. Mu a ganinmu duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya. Dokar kamfani ita ce ke yanke hukunci a kan wanda zai yi asara ranar da ciniki ya karye: ko mai kamfani, ko ma'aikacin da ke bin albashin wata uku, ko kuwa ƙaramin ɗan kasuwar da ya ba da kaya bashi. Wanda ya rubuta ta, shi ya raba wannan asara tun kafin ta auku. Saboda haka ne muke so mu duba aikin wani Baturen Ingila, Shaihun Malami L. C. B. Gower, wanda abokansa suka fi sani da Jim Gower. Ya rubuta wa ƙasar Gana dokar kamfanoni, ya kuma koyar a Ikko, kana abin da ƙasashen biyu suka yi da shi ya sha bamban.

Kafin mu je gare shi, ya kamata mu tuna wa waɗanda ba shari'a suke karantawa ba asalin maganar. A 1892 wani mai yin takalma a birnin Landan, Aron Salomon, ya mai da sana'arsa kamfani. Doka a lokacin tana bukatar mutum bakwai, sai ya ba matarsa da 'ya'yansa biyar hannun jari ɗaya-ɗaya, shi kuwa ya riƙe 20,001. Ba a daɗe ba ciniki ya karye, masu bin bashi suka taso suka ce ai kamfanin nan Salomon ne ya sake riga, don haka shi zai biya su daga aljihunsa. A watan Nuwamba na 1896 Majalisar Dattawan Ingila, wadda a wancan zamani ita ce kotun ƙoli, ta ce a'a. Ta ce kamfani mutum ne mai zaman kansa a idon doka, bashinsa nasa ne, iyakar asarar mai hannun jari kuwa ita ce jarin da ya zuba. Masu bin bashi suka tashi a tutar babu. Wannan hukunci shi ne ginshiƙin da aka ɗora kome a kansa, daga Landan har Kano. Gata ne babba hukuma ke ba ɗan kasuwa, kuma dukan sauran dokar kamfani amsa ce ga tambaya guda: me jama'a za su nema a wurinsa a madadin wannan gata?

An haifi Gower a watan Disamba na 1913. Ya yi karatun shari'a a Jami'ar Landan, ya zama lauya a 1937, ya yi aikin soja a yaƙin duniya na biyu. A 1948, yana da shekara 34, aka ba shi kujerar shaihun malami na dokar ciniki a Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan. A 1954 ya fitar da littafinsa mai suna Principles of Modern Company Law. Kafinsa, yawancin littattafan wannan fanni jerin sassan doka ne da sharhi a ƙarƙashinsu, an yi su domin lauya ya buɗe ya duba ya rufe. Shi kuwa ya fara da tarihi, ya tambayi dalilin kowace ƙa'ida, ya kwatanta da yadda ake yi a Amurka, inda kuma ya ga alƙalan ƙasarsa sun yi shirme bai ji nauyin faɗa ba. Littafin yana nan ana sabunta shi da sunansa, ko da yake wasu malamai ne suka karɓi aikin.

Aikin da ya fi shafarmu shi ne na Gana. Ƙasar ta sami mulkin kai a 1957, ta tarar da dokar kamfanoni ta 1907, wadda ita kanta kwafi ce ta dokar Ingila ta 1862. A lura da kyau, sabuwar ƙasa mai ɗokin gina masana'antu tana tafe da dokar da aka tsara wa 'yan kasuwar zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda su masu ita sun daɗe da yar da ita. A 1958 gwamnatin Kwame Nkrumah ta naɗa Gower shi kaɗai ya binciki al'amarin. Hanya mafi sauƙi a buɗe take gare shi: ya ɗauko dokar Ingila ta 1948, ya goge sunan Ingila ya sa na Gana, ya karɓi ladansa ya koma gida. Haka aka yi a ƙasashe da dama, ba wanda ya ce uffan. Bai yi haka ba. A 1961 ya miƙa rahoto mai ɗauke da cikakken daftarin doka, kowane sashe da bayanin dalilinsa a ƙarƙashinsa, daga nan kuma aka samu Dokar Kamfanoni ta Gana ta 1963.

Dalilinsa mai sauƙin ganewa ne. Dokar Ingila ba ta cika a cikin kundinta ba, rabinta yana warwatse cikin hukunce-hukuncen alƙalai na shekaru ɗari da ɗoriya. Lauyan Landan yana da ɗakin karatu da zai tono su. Lauyan Kumasi ko na Tamale fa? Sai Gower ya tattaro waɗannan ƙa'idoji ya zuba su cikin dokar da kanta, yadda mai karatu zai same su wuri guda. Wajiban daraktoci, alal misali, ya rubuta su dalla-dalla, har ya ba darakta izinin ya duba maslahar ma'aikata tare da ta masu hannun jari idan yana auna abin da zai amfani kamfani. Ingila ba ta rubuta wajiban daraktoci gaba ɗaya cikin kundin doka ba sai a 2006, shekara 43 bayan Gana.

Akwai wasu gyare-gyaren da suka cancanci a tsaya a kansu. A tsohuwar ƙa'ida, in kamfanin da aka yi wa rajista don cinikin gyaɗa ya ƙulla kwangilar sayen fata, kwangilar ɓatacciya ce, wanda ya kawo fatar ba shi da ikon neman kuɗinsa a kanta, wai da ya je ofishin rajista ya karanta takardun kamfanin tukuna. Wane mai fata ne ke zuwa ofishin rajista kafin ya sauke kaya? Dokar Gana ta ce irin wannan kwangila ba ta ɓaci ba. Ta haɗe takardun kafa kamfani guda biyu suka zama ɗaya. Ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani ba sai ya tattaro mata da 'ya'ya sun zama 'yan rakiya kamar na Salomon ba, abin da Ingila ba ta yarda da shi ba sai a 1992. Ta kuma hana a sayar wa jama'a hannun jari na gama-gari wanda ba shi da ƙuri'a. Wannan na ƙarshe yana da labari. Gower yana cikin kwamitin Jenkins da ya duba dokar kamfanonin Ingila ya kai rahoto a 1962, kuma shi da wasu 'yan tsiraru sun rubuta ƙin amincewarsu da barin irin wannan hannun jari, domin a ganinsu zalunci ne a karɓi kuɗin mutum a hana shi magana. A gida an rinjaye shi. A Gana maganarsa ta zama doka.

To, mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Za su ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaya ƙasar da ta kori Bature daga gidan gwamna za ta kira wani Baturen ya rubuta mata doka? Ashe ba mulkin mallaka ba ne ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga? Amsarmu ita ce a duba abin da aka rubuta, a bar duban fatar marubuci. Mulkin mallaka a fagen shari'a shi ne a ɗauko rigar da aka ɗinka wa wani a rataya maka, ko ta yi maka ko ba ta yi ba. Wannan kuwa ɗan ƙasa ma yana iya yi wa ƙasarsa, kuma mun ga an yi.

A 1962 Gower ya bar kujerarsa ta Landan ya taho Ikko. Wannan ma abin a jinjina ne, domin a lokacin yana kan ganiyarsa, sunansa ya kai ko'ina a fanninsa, jami'ar da ya tarar kuwa a shekarar aka buɗe ta. Shi ne ya fara shugabancin tsangayar shari'a ta Jami'ar Ikko, ya kuma zama mai ba da shawara ga majalisar kula da ilmin lauyoyi ta Nijeriya a daidai lokacin da ake kafa Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ta buɗe a watan Janairu na 1963 da ɗalibai takwas kacal. Kafin nan, duk ɗan ƙasar nan da ke son zama lauya sai ya ƙetare teku, ya karanta dokar filayen Ingila wadda ba za ta yi masa aiki a Zariya ko Onica ba, ya kuma halarci wasu liyafofin cin abinci na dole a zaurukan lauyoyin Landan kafin a kira shi lauya. Gower yana cikin waɗanda suka dage cewa lalle a horar da lauyan Afirka a Afirka.

Zamansa bai yi tsawo ba. A 1965 majalisar gudanarwar jami'ar ta ƙi sabunta wa'adin shugabanta na farko, Shaihun Malami Eni Njoku, ta naɗa Dokta Saburi Biobaku a gurbinsa. Njoku Ibo ne, Biobaku Bayarabe, ƙasa kuwa tana cikin zazzaɓin siyasar jam'iyyu da ƙabilu, don haka mutane da yawa suka ɗauka naɗin na siyasa ne. Ɗalibai suka yi bore, aka rufe jami'a, daga baya har wani ɗalibi ya daɓa wa Biobaku wuƙa, Allah ya sa da sauran kwana. Gower yana cikin manyan malaman da suka tsaya a kan cewa ba a bi da majalisar malamai yadda ya kamata ba, wannan tsayuwa kuwa ita ta raba shi da kujerarsa. Ba mu kawo wannan don mu rage darajar Biobaku ba, masanin tarihi ne na gaske. Mun kawo shi ne don a ga cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da iyakar ikon daraktoci, da ya ga abin da ya ɗauka ƙetare iyaka ne a ma'aikatar da ke ba shi albashi, bai sunkuyar da kai ba. Malaman shari'a nawa muka sani da ke koyar da adalci da safe, da yamma kuma su rubuta wa mai mulki hujjar da yake nema?

Yanzu a dubi abin da Nijeriya ta yi. Dokarmu ta kamfanoni ta 1922 ta tsufa tukuf. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin soja ta fitar da sabuwa. Rahoton Gower yana nan shekara bakwai da fitowa, dokar Gana tana aiki shekara biyar, mutumin da kansa ya zauna a Ikko shekara uku. Duk da haka abin da aka fitar, in ban da 'yan ƙare-ƙare, dokar Ingila ce ta 1948. Gaskiya ne an sa mata sharaɗi mai muhimmanci, cewa kamfanin waje da ke ciniki a nan sai ya yi rajista a matsayin kamfanin Nijeriya. Amma gangar jikinta aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

An ga katarar a waje ba da daɗewa ba. Dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sa dubban mutane, har da ƙananan ma'aikatan gwamnati irin masu karanta wannan mujalla, sun zama masu hannun jari a karo na farko. Sai aka ga sabuwar sana'a ta ɓullo, ta ba da aron suna: ɗan ƙasa ya zauna a kujerar darakta, ya karɓi alawus, ya sa hannu inda aka nuna masa, ainihin iko kuwa yana inda yake tun da. Mallakar takardar hannun jari daban, iko da kamfani daban. Wannan shi ne darasin farko na dokar kamfani, kuma masu tsara manufar sun fi mai da hankali ga kason da za a raba bisa ga yadda mai ƙaramin kaso zai tuhumi darakta. Sai a 1990, bayan aikin Hukumar Gyaran Dokoki a ƙarƙashin Dokta Olakunle Orojo, aka samu dokar da ta kafa Hukumar Rajistar Kamfanoni, ta rubuta wajiban daraktoci, ta ambaci maslahar ma'aikata, ta hana hannun jari marar ƙuri'a. Duk wanda ya ajiye ta kusa da ta Gana zai ga kamannin jini. Mun isa inda maƙwabtanmu suka isa, amma bayan shekara 27. Kamfanin mutum ɗaya kuwa sai da muka jira dokar 2020.

Sauran aikinsa a Ingila za mu taƙaita shi. Yana cikin mutum biyar na farko da aka naɗa a Hukumar Gyaran Dokoki ta ƙasar a 1965, ya shugabanci Jami'ar Southampton daga 1971 zuwa 1979. A 1981, bayan wasu kamfanonin juya kuɗin jama'a sun nutse da dukiyar mutane, gwamnati ta sake kiransa, shi kaɗai kamar a Gana, ya duba yadda za a kare mai zuba jari. Rahotonsa na 1984 shi ne tushen dokar harkokin kuɗi ta 1986. Manyan dillalan Landan ba su yi murna da shi ba, domin sun saba da cewa maganar dattijo ta isa, ba a bukatar mai sa ido. Matsayinsa kuwa tsaka-tsaki ne: bai nemi hukuma ta hana mai ganganci yin asara ba, abin da ya nema shi ne kada a bar mai hankali a hannun 'yan damfara. Wanda ya tuna yadda ƙananan masu hannun jari suka ƙone a kasuwar Ikko a 2008, har Babban Banki ya tuɓe shugabannin bankuna biyar rana guda a watan Agusta na 2009, ya san wannan magana ba ta Landan kaɗai ba ce. Ya rasu ranar 25 ga Disamba, 1997.

Kada a ɗauka yabo muka zo yi kawai. Akwai inda aikinsa ya tsaya, kuma wurin nan shi ne ya fi damunmu. Gower ya gane cewa yawancin cinikin Afirka ta Yamma na mutum ɗaya ne ko na dangi, shi ya sa ya tsara wa Gana wata doka ta daban a 1962 don ƙananan masu tarayya a ciniki. Amma kayan da ya yi gini da su duk na ƙetare ne, daga Ingila da Amurka da sauran ƙasashen da ke bin tafarkinsu. Alhali kuwa a zangon Kumasi, da Salaga kafinsa, akwai tsarin ciniki da ya girmi dokar 1862 nesa ba kusa ba. Fataken goro sun yi ƙarnuka suna zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja. Mai gida a zango shi ne masaukin baƙo, shi ne ma'ajiyarsa, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke tsaya masa a kan bashi, sunansa kuwa shi ne jinginarsa. Irin wannan hanya ce Alhassan Ɗantata ya bi a cinikin goro kafin ya shahara a gyaɗa. Wani masani, Abner Cohen, ya rubuta yadda tsarin ke aiki a unguwar Sabo ta Ibadan a littafin da ya fitar a 1969. Haka kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala da Muhtasar, suna da babin shirka da na ƙiradi, inda wani ke ba da jari wani ya yi aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, asarar dukiya kuwa ta faɗa kan mai jari muddin mai aiki bai yi sakaci ko ha'inci ba. Ashe tambayar wa zai ɗauki asara tsohuwa ce a wurinmu, kuma muna da tamu amsar. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da ya shiga dokar 1963, ko tamu ta 1990.

Ba ma ɗora wa Gower laifin wannan giɓi. Baƙo ne, ya yi iyakar abin da idon baƙo mai gaskiya zai iya gani. Laifin yana kan waɗanda aka haifa a cikin zangon, aka tura su makaranta da kuɗin goron, suka dawo da digiri suna haddace hukuncin Salomon amma ba su taɓa tambayar kakanninsu yadda ake warware rikicin bashi a Kurmi ba. Sakamakon kuwa muna ganinsa kullum. Attajiri ya yi shekara arba'in yana gina ciniki, motoci da shaguna da yaran gida, ranar da ya rasu a raba gado, wannan ya ɗauki mota, wancan ya ɗauki shago, kafin shekara biyu babu ciniki babu labarinsa, yaran gida kuma su watse. Da dukiyar tana cikin kamfani, hannun jari za a raba wa magada bisa rabon da shari'a ta tsara, cinikin ya zauna a dunƙule. Maganin yana nan cikin dokar, amma dokar da Turanci take, Turancin ma irin na lauyoyi, attajirin kuwa yana ganin rajista wata hanya ce ta kiran mai karɓar haraji zuwa ƙofar gidansa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma tsagar nan tsakanin doka da kasuwa ita ce 'yan damfara da masu ba da aron suna suke bi.

Gana ta yi amfani da dokar Gower shekara 56 kafin ta maye gurbinta a 2019, Nijeriya kuma ta sabunta tata a 2020. Duka biyun sun sauƙaƙa rajista, abin a yaba ne. Abin da muke nema a wurin malamanmu na tsangayar shari'a ba mai tsada ba ne. A sa rahoton 1961 cikin abin da ɗalibi zai karanta, domin ya ga yadda ake kafa hujja ga kowane sashe kafin a kira shi doka. Kana cikin ɗaliban shekarar ƙarshe da ke neman abin da za su rubuta kundi a kansa, a tura wasu Kantin Kwari da Dawanau da kasuwannin shanu, su zauna da dillalai da masu gida, su rubuto yadda ake ba da jari, da yadda ake tsaya wa mutum, da wanda ke biya idan kaya sun salwanta a hanya.